Ruwan Ɗumin da Inna Ta Gano a Kano

Tun cikina yana wata bakwai nake ɗauke da wata damuwa, kuma ba ta haihuwa ba ce. Haihuwa na bar wa Allah. Abin da ya hana ni sakewa shi ne Inna za ta zo ta ga inda nake zaune.

A ƙa'ida ni ya kamata in tafi gida, tunda haihuwar fari ce. To amma a wajen awo aka ce jinina ya hau, ƙafafuna sun kumbura har silifa ba ya shiga, malamar asibiti ta ce kada in kuskura in hau motar ƙauye in yi nisa da su. Sai aka yanke cewa Inna ce za ta taso daga ƙauyenmu, can ƙasar Jigawa, ta zo ta yi mini wankan jego a Kano.

Shekara biyu ina yi mata waya ina cewa lafiya lau. Ba ƙarya nake shirya mata ba, zaɓe nake yi. Na gaya mata akwai kwalta a kusa da mu, ban gaya mata tirela ce take binta dare da rana ba. Na gaya mata maigidana yana aiki a kamfani, ban gaya mata kamfanin fata ne a Challawa ba, wanda idan ya dawo sai ya yi wanka sau biyu kafin ya iya cin tuwo, kuma duk da haka warin yana nan a ƙarƙashin farcensa. Ɗakinmu ɗaya ne a gidan haya, a bayan kamfanonin Sharada, inda katanga take ƙarewa gidajen talakawa su fara. A ƙofar gidan akwai lambatu. Wata rana ruwansa ja ne, wata rana shuɗi, wata rana baƙi da kumfa a kai. Matan gidan har gaisawa suke da shi, a ce an tashi lafiya, yau kuma wace kala aka samu.

Ranar da na tare, maƙwabciyata ce ta fara yi mini karatun unguwa. Mutuniyar Nijar ce, ta girme ni sosai, mijinta maigadi ne a wani kamfani, duk gidan Yaya muke ce mata. Ta ja ni ƙofar gida ta nuna mini da haɓa.

“Amarya, duk ruwan da kika ga ya fito ta ƙarƙashin katanga, ba naki ba ne. Mai kalar ma da sauƙi, shi yana faɗa miki ko shi waye. Wanda za ki ji tsoro shi ne farin.”

Na riƙe maganar nan. Ina so mai karatu ya san na riƙe ta, don kada daga baya a ce ban sani ba.

Na haihu ranar Talata, mace. Inna ta iso ranar Laraba da yamma da ƙullin kayanta a ka, da kanwa da gero da man kaɗanya. Bakinta yana ta barka, ni kuwa hancinta nake kallo. Ta ajiye kaya, ta ɗan ɗaga kai ta shaƙi iska.

“Ke, jima ake yi a kusa da nan ne?”

Na ce, “Can nesa ne, Inna. Yau ne iska ta juyo.”

Ta ce to, ta ɗauki jaririya. Daga nan ban sake samun bakin gyara maganar ba.

Inna ba ta taɓa zuwa Kano ba sai wannan karon. Matan ƙauyenmu sun cika mata kunne da wuraren da za ta gani: ta hau Dala, ta shiga kasuwar Kurmi, ta ga marina, ta ga ƙofofin gari. Ta ce ba za ta koma a tambaye ta ta yi shiru ba. Maigidana ya yi mata alkawari, idan an yi arba'in zai ɗauko adaidaita sahu a zagaya da ita har ta gaji. Daga bakin ƙofa ya faɗi haka, a tsugune, kansa a ƙasa. Tun ranar da ta zo ya kwashe kayansa ya koma ɗakin abokinsa, kamar yadda ya dace. Da safe zai zo ya ce, “Inna, kun tashi lafiya? Ya baƙunta?” ta amsa masa ta bayan labule, ya tafi aiki. Magana tsakaninsu ba ta wuce haka.

Ni ma tawa kunyar tana kaina. 'Yar fari ce, ga Inna a zaune. Ba na ɗaukarta sai an miƙo mini ita ta sha nono, shi ma ina kawar da kai kamar ba ruwana da ita. Ba na kiran sunanta. Idan ta yi kuka ba na motsawa. Wanka da shafa mai da canjin tsumma duk na Inna ne. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Inna, kuma matan gidan suna yaba ni, suna cewa yarinyar nan an ba ta tarbiyya. Idan Inna ta fita ne kawai nake jawo ta jikina in ƙare mata kallo, in ƙirga 'yan yatsunta, in shinshina wuyanta.

Inna kuwa ba ta iya zama. Mace ce da ta saba da gona. Da an gama wankan safe, na sha kunun kanwa, sai ta yafa mayafi ta ce za ta samo ganyen darbejiya na wankan yamma. Ganyen yana nan kusa, amma sai ta yi awa guda ba ta dawo ba. Tunda ba a kai ta ganin gari ba tukuna, ita ta fara kai kanta. Kullum da labarin da za ta dawo da shi.

“Ke, ashe a Kano har kwata rini ake yi mata? Yau na ga wata shuɗiya, wallahi kamar a tsoma zane.”

Washegari ta gano tsibin yankakkiyar fata da ake zubarwa a wani fili, ya yi tudu har awaki suna hawa. Ta ce ta ga Dalar unguwarmu, saura ta gaskiyar. Matan gidan suka yi ta dariya, ita ma tana yi. Wata rana kuma ta bi lambatun har inda ya malala cikin lambuna, ta dawo da damin alayyahu, ganyensa fato-fato, kore shar.

“Ko a fadamarmu ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙasar Kano akwai albarka.”

Na san da ruwan da ake ban-ruwan alayyahun nan. Na ce mata raina ba ya son miyar ganye. Da ta shiga banɗaki na tura shi cikin shara na rufe da toka. Ban gaya mata gaskiyar ba. Ina ganin yadda take jin daɗi, tana tara abin da za ta ba wa ƙawayenta labari, sai in ce a raina bari dai a yi arba'in ta tafi da farin cikinta.

Akwai rijiya a gidanmu, amma ruwanta na banɗaki ne kawai, don yana da wani ƙarni kamar tsohon ƙarfe. Na sha da na girki da na wanka wajen 'yan garuwa muke samu, su kuma daga nesa suke turo kurarsu. Jego kuwa ruwa yake ci, da itace. Abin yana damun Inna. Duk jarkar da aka juye sai ta girgiza kai ta ce ita ba ta taɓa ganin garin da ruwa yake zuwa a kan taya ba. A mako na uku injin rijiyar burtsatsen da suke ɗiba ya lalace, 'yan garuwa suka yi wuyar gani. Sai ka tsaya a ƙofar gida tun safe har hantsi ba ka ga ko ɗaya ba.

A ranakun nan ne Inna ta shigo da bokiti a ka, yana ɗan tururi, fuskarta cike da murna.

“Mutanen birni ba ku san arziki ba. Kin san abin da na gano? Bayan doguwar katangar nan, in kin wuce bishiyar maina, akwai wani bututu yana ta zubar da ruwa, fari tas, da ɗuminsa. Ba kowa a wurin. Allah ya dafa muku ruwa kun bar shi yana bin ƙasa.”

Ta tsoma hannu ta murza yatsunta ta nuna mini.

“Ji santsinsa. Kamar an jiƙa kanwa. Irin wannan ba ya buƙatar sabulu.”

A ƙauye haka ne. Ruwan toka da ruwan kanwa santsi gare su, kuma su ne masu fitar da dauɗa. Duk abin da Inna ta sani a duniya ya gaya mata ruwan nan mai kyau ne. Ni kaɗai ce a ɗakin na san ba haka ba ne. Yaya ta tafi kasuwa.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “Na wanki ne kawai ko, Inna?”

Ta ce, “To da na mene ne?”

Na koma na kwanta. Na ce a raina wanki ne kawai, kuma za ta ɗauraye. Don in na ce mata kada ta taɓa, za ta ce saboda me. In na faɗi dalili, sai na faɗi na shuɗiyar kwatar, da na alayyahu, da na warin da na ce iska ce ta kawo. Sai ta koma gida ta gaya wa Baba an ajiye 'yarsu a bakin juji, a fara maganar maigidana, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, wanda kamfaninsu na farko a Bompai ya rufe ya yi wata takwas yana dako kafin ya samu wannan. Duk wannan na auna a kwance, na zaɓi shiru.

Kwana huɗu tana wanke tsummokaran jaririya da ruwan. Jan zanena da ta haɗa da shi ya fito da fari-fari kamar an yayyafa masa koko. Hannun Inna ya fara tsagewa a tsakanin yatsu, tana shafa man kaɗanya tana cewa ruwan zafin wankana ne. Da aka miƙo mini yarinya ta sha nono na ga wasu jajayen ƙuraje a wuyanta. Na saci kallo, na so in kwance tsumman in duba cinyoyinta, amma Inna tana zaune a gabana tana tsince gero. Ita ma ta gani, ta ce ƙurajen zafi ne, ta barbaɗa mata hoda.

Ranar da muka cika kwana ashirin da uku, Alhamis ce, ba ɗan garuwa ko ɗaya. Ruwan da ya rage Inna ta dafa shi da ƙarshen itacen ta yi mini wanka, don a wurinta wankan mai jego ba ya faɗuwa. Na shiga ɗaki na kwanta jikina yana raɗaɗi. Na ji fitarta, na ji dawowarta, na ji ƙarar baho a tsakar gida. Ta shigo ta ɗauki yarinya tana yi mata wasa.

“Taso, 'yar birni. Yau ko itace ba a ƙona miki ba, ruwanki a dafe ya zo.”

Na ji wannan maganar da kunnena.

Na san kukan wankanta. Yana hawa ya sauka, ya hau ya sauka, kamar mai ƙorafi. Wannan ya hau bai sauko ba. Ya yi tsini, sannan ya ɗauke, sai wani shiru, sannan ya dawo da wata murya da ban san tana da ita ba. Na tashi zaune. Na taka har bakin ƙofa na kama labule. A nan na tsaya. Ina jin Inna tana cewa, “Kai, raguwa, ɗan ruwan nan?” tana ci gaba da zuba mata, tana yi mata waƙa. Matan gida biyu suna tsakar gidan. Ƙafata ta ƙi fita. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Da a ce ƙiftawar ido ne da na faɗa. Ya fi haka.

Yaya ce ta fito daga ɗakinta da gudu, ko ɗankwali babu. Ta tsoma hannu a bahon ta murza yatsu, ta saki salati.

“Inna, ina kika ɗebo wannan? Ina kika ɗebo?”

Ba ta jira amsa ba. Ta fizge yarinyar ta nufi randarta, ta yi ta kwarara mata ruwan shansu har ya ƙare. Tana ihu a kawo ruwa, kowane iri in dai na sha ne. Wata ta fito da jakar ruwan leda, mata suka kewaye, kowa tana fasa leda da haƙori tana matsa wa yarinyar a fuska da wuya da hammata. Sai a lokacin na fito. Na karɓe ta daga hannun Yaya na rungume ta a gaban Inna, a gaban kowa, ina kiran sunanta da ƙarfi. Fatarta ta yi ja kamar an yanka nama. Idonta na hagu a rufe, ya kumbura.

A adaidaita sahu muka tafi asibiti, ni da Yaya da Inna. Mai adaidaitar ya ratsa ta cikin gari don gudun cunkoso. Mun bi gefen ganuwa, mun shige ta wata tsohuwar ƙofa, har na hango Dala daga nesa ta saman rufin gidaje. Inna tana takure a gefe, hannuwanta a kan cinya, tana kallonsu. Ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Likita ya tambaya da me aka yi mata wanka. Inna ta ce, “Ruwan ɗumi ne, likita. Fari tas.” Yaya ta yi masa bayani. Ya ce irin ruwan soda ne da kamfanoni suke wanke kaya da shi, mai cin fata, balle ta jariri. Sannan ya dubi Inna, ba da faɗa ba, ya ce, “Inna, ba wanda ya gaya muku?”

Inna ta juyo ta kalle ni.

Kwana tara muka yi a asibiti. Fatar wuyanta da hammatarta da matsematsinta ta saluɓe, aka yi ta wankewa ana naɗewa. Ta rayu. Da kumburin idon ya sauka, sai ga wani fari ya rufe baƙin, kamar an ɗiga nono a ciki. Likita ya ce na daman ya tsira, na hagun sai dai abin da Allah ya yi.

A rana ta huɗu, bayan azahar, muna zaune a barandar asibitin ni da Inna, ta yi maganar da nake jira.

“Kin sani?”

Na ce, “Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da na tare.”

Na so ta mare ni. Ta juya hannuwanta da suka tsattsage tana kallo.

“Da hannun nan na zuba mata. Tana gaya mini da iyakar bakin da take da shi, ni ina yi mata waƙa.” Ta share fuska da gefen mayafi. “Ke yanzu ni kika mayar baƙuwa? Ni da na wanke kashinki, wari ne zai kore ni daga ɗakinki?”



Maigidana da mijin Yaya sun je ƙofar kamfanin mai bututun. Aka ce musu manya ba sa nan, kuma ruwan ai a wajen katanga yake, wa ya ce a yi wa jariri wanka da ruwan kwata. Suka dawo. Maigidana ya samo gawayi ya rubuta a jikin katangar, saman bututun, cewa kada a taɓa. Na ce masa ko da rubutun yana nan tun farko, Inna ba ta karatun boko. Ruwan sama na farko ya wanke shi.

Ranar arba'in maigidana ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum. Ya ce ya yi magana da mai adaidaita, gobe za a kai su Dala da Kurmi, a biya ta Nasarawa su ga manyan gidaje, har Bompai in suna so su ga inda ya fara aiki.

Inna ta ce, “Allah ya yi maka albarka. Na ga Kano.”

Da ya tafi ta ce mini in tashi in goya 'yata. Ni da kaina, a gabanta. Ta ce in zagaya da ita duk wuraren da ta gano, in gaya mata gaskiyar kowanne. Muka fita da ƙafa da hantsi. Na nuna mata lambatun ƙofar gida, ranar ja ne, na gaya mata kajin gidan ba sa kai wata uku. Na kai ta tsibin fatar da ta kira Dala, na gaya mata idan aka cinna masa wuta yaran unguwa kwana suke tari. Na kai ta lambuna, muka tsaya muna kallon wani dattijo yana jan baƙin ruwa da injin yana shayar da latas, wanda gobe za a kai kasuwa a cikin gari. Na gaya mata inda alayyahunta ya tafi. Tana ji, tana gyaɗa kai.

Daga ƙarshe muka wuce bishiyar maina. Bututun yana nan yana zuba, fari tas, da ɗan tururinsa. Wani ya kawo faffaɗan dutse ya ajiye a bakinsa, irin wanda ake wanki a kai. A kan wata ƙaya kuma an shanya 'yar rigar yaro, ba ta gama bushewa ba.

Inna ta nemi wuri ta zauna a ƙasa. Ta ce ba za ta tashi ba sai mai rigar ta zo. Muka zauna har aka kira azahar, har aka busa jiniyar canjin ma'aikata. Ba wadda ta zo. Inna ta cire rigar daga ƙayar ta tafi da ita gida, ta ɗauraye ta da ruwan sha sau uku, ta mayar da ita inda ta ɗauko. Washegari ta hau mota.

Yanzu 'yata tana shekara uku. Idan aka kira ta daga hagu sai ta juyo da kanta gaba ɗaya. Tabon wuyanta yana nan, ina rufe shi da ɗan hijabi, ita kuma tana cirewa. Inna ba ta sake zuwa ba. A waya ba ta tambayar komai kafin ta ce, “Ya idon?” Ƙanwata ta ce da matan ƙauye suka taru jin labarin Kano, Inna ta ce musu gari ne babba, ta shiga ɗaki. Mu kuwa muna nan a gidan, don nan ne kusa da aikin maigidana.

Kwanan baya na ga wasu a wayar maigidana suna zagaya Kano suna nuna wuraren da baƙi ba su sani ba, tsofaffin gidaje da wuraren shan iska. Sun yi kyau. Ban ga sun biyo ta bayan katangarmu ba, kuma nan ma Kano ce, baƙi suna sauka a cikinta kullum daga ƙauyuka, da ƙullin kayansu a ka. Shi ya sa na sa aka taya ni rubuta wannan.

Roƙona ɗaya ne. Idan baƙo ya sauka a wurinku, ko uwa ce ko suruka ko sabuwar maƙwabciya, kada ku jira ya huta, kada ku ji kunyar inda kuke zaune. Ku kama hannunsa tun ranar farko ku kai shi ku nuna masa ruwan da ba a taɓawa.